Zurfin Tabki, Zurfin Ciki

Mu mutanen Tasawa da Mayahi ba mutanen ruwa ba ne. Gero muka sani, da wake, da gyaɗa, da kabar da ake saƙa tabarma da igiya. Gulbin da ya ratsa ƙasarmu, wato Gulbin Kaba, ya daɗe da daina gudu daga farkonsa har ƙarshensa. Abin da ya bar mana shi ne kwari mai faɗi cike da goriba, da ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda rijiya ke tararwa ba da nisa ba. Akwai gari a gabashin Tasawa mai suna Maijirgi, amma duk wanda ya je can neman jirgi, da ƙura zai dawo a ƙafa. Duk da haka, a ƙarshen daminar 2024 na sami kaina ina yawo ina neman taswirar zurfin ruwa, kamar wani matuƙin jirgin teku. Labarin wannan nema nake so in ba ƴan'uwana malamai, domin abin da na samo a ƙarshe ya shafi aikinmu na aji.

Ƙauyen da aka yanke mini cibiya yana tsakanin Tasawa da Mayahi, kuma a yammacinsa akwai tabki. A yawancin shekaru yakan cika a watan Agusta, ya yi ta janyewa a hankali, ya ƙafe kafin zafin bazara ya kankama. Mata na wanki a bakinsa, makiyaya na shayar da dabbobi, in ya ƙafe kuma masu yin tubali su shiga cikinsa da diga da shebur. Haka muka taso muka gan shi, ba wanda ya taɓa tambayar zurfinsa.

Daminar 2024 ta zo da abin da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Ambaliya ta ci rayuka fiye da 300 a faɗin Nijar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, har gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa ranar 28 ga Oktoba. Tabkinmu ya tumbatsa, ya haɗiye gonaki, ya kai gindin itatuwan da ba a taɓa ganin ruwa a gindinsu ba. Cikin wannan tsawaitaccen hutu na je gida, na tarar da abubuwa biyu.

Na farko makoki ne. Wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya bi tumakinsu zuwa mashaya. Yana tafiya cikin ruwa iya gwiwa, sai ƙafarsa ta zarce cikin ramin da masu tubali suka haƙa da rani. Ba wanda ya san ramin yana wurin, ko kuwa in ce kowa ya gan shi a watan Afrilu, amma ba wanda ya tuna da shi a Satumba. Sai da yamma aka fito da shi. Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne ga iyayensa.

Na biyu shawara ce. Ƙungiyar samarin ƙauyen ta tara kuɗi, tana son a zuba ƴaƴan kifi a tabkin, kamar yadda ma'aikatan gandun daji ke yi a wasu tabkunan jihar. Wani daga cikinsu, wanda ya dawo daga cin rani a Legas, ya zo gaishe ni da dare, ya durƙusa, ya miƙo mini wayarsa. A fuskar wayar akwai hoton wani tabki na ƙasar Amurka, an zana shi da layuka masu zagaye juna kamar zanen ɗan yatsa, kowane layi da lambarsa.

"Mushe," in ji shi, "masuntan can da wannan suke kamun kifi. Tun daga gida mutum ya san inda rami yake, ya san inda tudu yake. Kai da ka iya Faransanci, ka samo mana irin wannan ta tabkinmu."

Na amsa masa da to, har ina jin daɗi a raina. Shekara ashirin ina koyar da Faransanci da Hausa, ba a taɓa neman ilimina a kan wani abu da ya shafi tukunya kai tsaye ba sai ran nan.

Da waya na fara. Na koyi cewa da Faransanci ana kiran abin carte bathymétrique, daga kalmar Girkanci mai nufin zurfi. Na koyi yadda ake yin ta a yau: ana ɗora na'ura a ƙarƙashin jirgi, ta aika da sauti ƙasa, ta jira amsa-kuwwarsa. Sauti yana tafiya kimanin mita 1,500 cikin daƙiƙa ɗaya a ruwa, saboda haka in zurfin wuri mita 3 ne, zuwa da dawowa ba za su wuce kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa ba. Na'urar ta lissafa, ta haɗa da inda jirgin yake, ta ajiye lamba. In lambobin suka taru dubbai, sai a ja layi a haɗa wuraren da zurfinsu ya zo ɗaya. Kamfanoni irin su Navionics suna sayar wa masunta irin waɗannan taswirori na dubban tabkuna a Amurka da Turai. Na matsa da yatsana zuwa ƙasarmu. Babu komai. Hoton tauraron ɗan'adam da na samu na ƙauyenmu da rani aka ɗauke shi: fili ne fari, da sawun shanu ya ratsa shi. Ko da a ce da damina aka ɗauka, ido daga sama ba ya ratsa ruwan laka.

Daga nan na hau mota zuwa Maraɗi. A wani ofis, wani ma'aikaci mai kirki ya buɗe mini tsohuwar taswira, irin wadda hukumar taswira ta Faransa ta zana daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950. Santimita ɗaya a kanta kilomita 2 ne a ƙasa. Muka sunkuya muna nema, da ƙyar muka ga wani ɗigo shuɗi wanda bai kai ƙwayar riɗi ba. A gefen takardar an fassara alamar: mare temporaire, tabki mai ƙafewa. Iyakar abin da takarda ta sani game da ruwan da ya ci yaronmu ke nan.

Amma mutumin ya ba ni abin da ya fi taswirar. Ya ce kafin a zuba kifi a tabki, tambaya ta farko ita ce wata nawa ruwan zai yi. A ƙasarmu rana da iska suna shanye fiye da mita 2 na ruwa a shekara, ban da abin da ƙasa ke tsotsewa da abin da dabbobi ke sha. In aka haɗa duka, tabki yakan sauka kusan santimita ɗaya a yini. Ke nan ruwan da zurfinsa mita ɗaya ne a Oktoba, da wuya ya ga ƙarshen Janairu; mai mita 2 kuwa zai iya kai Afrilu. Karfasa tana bukatar wata biyar zuwa shida kafin ta isa shiga kasuwa. Faɗin tabki yaudara ne, in ji shi, zurfi shi ne jari. Na fito na gane cewa tambayar samarinmu ba ta son burgewa ba ce. Kuɗin da suka tara, jikka-jikka daga cin rani, yana rataye ne a kan lambar da ba wanda ya sani.

Da na koma ɗakina a Tasawa, halin malami ya motsa, na shiga karatu. Sai na tarar neman zurfin ruwa ya taɓa bi ta ƙofar gidanmu. A watan Janairu na 1851 Turawa biyu ƴan Jamus, Barth da Overweg, sun sauka a Tasawa. Barth ya nufi Katsina da Kano, Overweg ya zaga Maraɗi da Gobir, daga baya suka haɗu a Borno. Ayarinsu ya ɗauko jirgin ruwa gunduwa-gunduwa a bayan raƙuma, tun daga Tarabulus, ya ƙetare Sahara da shi. A cikin wannan jirgi Overweg ya yi makonni yana yawo tsakanin tsibiran Buduma a Tabkin Cadi, kuma a bakin tabkin ya rasu a 1852. Bayan rabin ƙarni, daga 1906 zuwa 1909, ayarin Tilho, wanda ya shata iyaka tsakanin mulkin Faransa da na Ingila daga kogin Kwara zuwa Cadi, ya zana taswirar tabkin da kayan awo na zamaninsa, ya tarar arewacinsa ya bushe. Daga baya Tilho ya rarrabe tabkin gida uku: ƙaramin Cadi, matsakaici, da babba, gwargwadon ruwan da shekaru suka kawo. Tarihi ya gaskata shi. Tabkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya rabe biyu a farin 1973, ya koma ɗan kaɗan daga girmansa a shekarun 1980. Taswirar da aka zana a wata shekara takan zama labari a wata.

Na kuma karanta cewa ko tekunan duniya, da duk jiragen bincike da ake da su, abin da aka auna da kyau na ƙasansu bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu da ƴan kai ba. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, amma bai ba ni abin da zan kai wa samari ba.

Shawara ta ƙarshe ita ce in je Madarumfa, kudu da Maraɗi, inda tabki mafi suna a jiharmu yake. Kowa ya san shi da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, kuma tun 2019 yana cikin jerin wurare masu dausayi na yarjejeniyar Ramsar. Na ce a raina, in akwai masuncin da ke riƙe da takardar zurfi a ƙasar nan, a can yake. Na sami wani dattijo yana gyaran kalli a inuwa. Bayan gaisuwa na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya nuna mini doguwar sandar da yake tura jirgi da ita, wadda ruwa ya yi wa zobe-zobe.

"Ga takardata, Malam," in ji shi.

Ya ce ƙasan tabkin nan ba ya zama wuri ɗaya. Gulbi yana kawo yashi, kuma tun da aka yi madatsar Jibiya a ƙasar Katsina, wajen farkon shekarun 1990, zuwan ruwan ya sake. Inda mahaifinsa ke nutsa sanda duka, shi yanzu rabi yake nutsawa. Sannan ya dube ni ya ce, "Garinku babu tsoho ne?"

Kunya ta kama ni, domin akwai. Kawuna ne, wan mahaifiyata. Tun yana saurayi, bayan yunwar 1984, ya tafi Tabkin Cadi, ya yi shekara talatin yana su a tsibiran da ke wajen Boso. A 2015, bayan harin tsibirin Karamga, hukuma ta ce kowa ya bar tsibiran, ya dawo gida ba jirgi ba kalli, daga shi sai buhun tufafi. Tun daga lokacin yake zaune a ƙofar gida yana tufka igiyar kaba. Na wuce shi sau uku a cikin wannan nema, ina gaishe shi ina wucewa, ban taɓa tunanin tambayarsa ba, saboda bai yi lakwal ba. Na je Maraɗi, na je Madarumfa, na je Amurka ta cikin waya, alhali da ɗan gari akan ci gari.

Da na zauna gabansa na kwashe labari na faɗa masa, sai da ya gama tufkar da ke hannunsa kafin ya yi magana.

"Ɗana, ka makara, kuma ka yi sauri. Ba a karanta tabki da damina. Da rani ake karanta shi."

Washegari da sassafe muka zaga bakin ruwan, yana gaba da sandarsa ina biye da littafina. Ashe duk ranin da ya yi a gida tun dawowarsa, yakan shiga cikin busasshen tabkin ya yi yawo, ba don komai ba sai don ƙafar masunci ba ta iya zama. Ya san inda fako yake, da inda yumɓu yake, da inda rairayi ke shigowa daga bakin ƙorama. Ya tsaya ya nuna wani wuri da ba abin da ya bambanta shi da sauran ruwa a idona, ya ce daga gawon can zuwa tsamiyar can, in ka raba uku, a kashi na biyu akwai ramukan tubali huɗu a jere. A nan ne yaron ya faɗa.

Ma'auninsa jikin mutum ne. Akwai ruwa iya idon sawu, iya gwiwa, iya ƙugu, iya ƙirji, iya wuya, sannan inda ya sha kai. Daga nan sai a koma gaba, wato tsawon hannuwa biyu a buɗe: gaba ɗaya, gaba ɗaya da kamu, gaba biyu. Ƙasan ruwa kuma kowane da sunansa. Gurbi daban, kwarmi daban, gangare daban da rami mai gaɓa a tsaye. Taɓon da ke riƙe ƙafa daban da lakar da ke santsi. Ya ce inda ka ga bado ya yi shimfiɗa, ƙasa taɓo ce kuma ruwan bai cika wuce ƙirji ba. Inda badon ya tsaya cak ya bar fili a tsakiya, ka yi hattara. Ya ce ƙafa tana jin sanyin rami kafin ta faɗa shi, ga wanda aka koya wa saurare. A aji, ni kalma ɗaya nake bai wa yara, zurfi, in rubuta profondeur a gabanta, in wuce. Kafin rana ta take a ran nan na cika shafi uku.

Ya kuma bayyana mini abin da zurfi ke nufi ga kifi. Karfasa tana son gefe mai rairayi, inda namijin ke share ɗan gurbi, macen kuma ta ɗauki ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe. Wanda ya ja taru a nan lokacin haihuwa ya ci na bana ya kashe na baɗi. Tarwaɗa tana bin taɓo da duhu, tana jure ruwan da ya lalace domin tana iya shaƙar iska. Gaiwa kuwa ba ta gudun rani: in ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta, ta kwanta watanni har damina ta tashe ta. Da hunturu kifi na sauka ƙasa, da bazara kuma duk wanda ya rage yana taruwa a wuri mafi zurfi. Kalli ma da zurfi ake yanka shi. Wanda ya fi ruwa tsawo yakan kwanta ya tattara shara, wanda bai kai ba kifi ya bi ta ƙarƙashinsa.

A daren nan, ina juya maganarsa ta cewa da rani ake karanta tabki, sai wani abu ya faɗo mini. Layukan nan da na gani a wayar saurayi, kowanne yana haɗa wuraren da zurfinsu ɗaya ne. To, ai bakin ruwa shi ma layi ne irin wannan, domin ruwa a kwance yake, ba ya karkata. In tabki ya sauka da taƙi ɗaya, sabon bakinsa sabon layi ne. Tabkin Amurka ba ya ƙafewa, dole a bi shi da jirgi da na'ura. Namu kuwa da kansa yake zana taswirarsa, layi bayan layi, daga kaka zuwa bazara. Abin da ya rage kawai shi ne a sami mai rubutawa.

Da aka koma lakwal na tara ɗalibaina ƴan ƙauyenmu su takwas, na nemi izinin iyayensu da na maigari. Sharaɗi na farko: ba mai shiga ruwan da ya wuce gwiwa. Kawu ya kafa mana doguwar sanda a wuri mai zurfi, wadda muka yi wa zane santimita goma-goma da fenti, ana hango ta daga gaɓa. Duk bayan mako biyu, ranar Asabar, yara su karanta sandar, su zaga bakin ruwan suna kafa turaku, su auna nisan kowane turke daga itatuwan da muka zaɓa da igiya mai ƙulli. Ni kuma in sauke a kan babbar takarda. Tsakiyar tabkin, inda ba mu sa ran zai bushe da wuri ba, Kawu ne ya auna shi, yana kwance a kan babban goran da masunta ke iyo da shi, da igiya da dutse a ƙarshenta. Yana kiran gaba da kamu, wata yarinya mai kaifin lissafi tana mayar da su mita.

Tun awon farko muka sami amsar samari. Mafi yawan faɗin nan da ya burge kowa bai wuce ƙugu ba. Amma akwai kwarmi mai tsawo a arewa wanda ya haura gaba ɗaya da rabi. Kawu ya ce su rage burinsu: su zuba tarwaɗa da karfasa daidai abin da kwarmin zai ɗauka in sauran ya janye, kada su zuba daidai abin da ido ke gani. Suka yi gunaguni, suka bi. Rabin kuɗinsu ya tsira a aljihu.

Saɓani ya zo ne a watan Fabrairu, lokacin da takardar ta fara kama da taswira. Na kai wa Kawu ina murna, na ce ya nuna mini gurabun da tarwaɗa ke kwanciya a cikin kwarmin in sa musu alama. Ya ce a'a. Na ɗauka wasa yake yi. Na ce ilimi ba a ɓoye shi, na kawo masa hujjoji irin na aji. Ya bar ni na gama.

"Ɗana, takarda ba ta da baki, amma ba ta iya riƙe sirri. Ni in na nuna wa yaro gurbi, na san ko ɗan wane ne, na san ko zai bar na baɗi. Takardarka wa ta sani? Gobe wani ya ɗauke ta a waya, jibi baƙi su zo da taru mai ƙananan idanu, su kwashe uwa da ƴaƴa cikin dare ɗaya. Na ga an yi haka a ruwan da ya fi wannan sau dubu."

Na yi fushi a ran nan, ba zan ɓoye ba. Na ce masa zurfin ciki irin wannan ne ya sa yaro ya mutu. Maganar ta yi nauyi, kuma ban kyauta ba. Ya yi shiru har na fara nadama, sannan ya ce ramukan tubali ba sirrin kowa ba ne, sakacin kowa ne, har da shi. Ya ce ya san da su, ya yi zaton kowa ya sani, tun ranar kuma bai yi barci mai daɗi ba. Ya ce in rubuta su da jan alƙalami, in ƙara da rijiyar da ta rufta a kudu wadda ni ban ma san da ita ba.

Haka muka ƙare da taswira biyu. Ta farko ta kowa ce: layukan zurfi, da ramuka, da gangare mai santsi, da mashayar da ba ta da haɗari. Mun manna ɗaya a lakwal ɗin ƙauyen, ɗaya a zauren maigari, an kuma kafa turaku masu jan ƙyalle a bakin kowane rami tun kafin ruwa ya dawo. Maigari ya yi magana da masu tubali su riƙa haƙa a gefe guda, su kwantar da bakin ramin kada su bar shi a tsaye. Ta biyu ba a kan takarda take ba. Kawu ya zaɓi samari biyu daga cikin ƙungiyar, yana shiga ruwa da su. Abin da yake faɗa musu ban sani ba, kuma na daina tambaya.

Na daɗe ina tunanin wannan rabo. Mu da muka yi karatun boko an koya mana cewa duk abin da ba a rubuta ba ya ɓata, kuma akwai gaskiya a ciki: da an rubuta ramukan nan, da wataƙila yaron yana aji yau. Amma Kawu ya nuna mini cewa akwai sanin da ke tafiya tare da amana, in aka raba su sai ya zama makami. Aikin mai ilimi shi ne ya rarrabe wanne ne wanne, kuma ba zai iya ba sai ya zauna da masu abin ya ji dalilinsu.

Daminar 2025 ta zo ta ƙara mana darasi. Ƙorama ta kawo yashi ta cike rabin wani rami, wani kuma ya haƙa sabo inda ba a yi da shi ba. Taswirarmu ta tsufa cikin shekara ɗaya, kamar yadda ta Tilho ta tsufa, kamar yadda dattijon Madarumfa ya faɗa. Da farko abin ya ɓata mini rai. Daga baya na ga alherinsa: tun da ba ta ƙarewa, kowane sabon aji zai sami tasa da zai zana. Yaran da suka yi ta farko yanzu su ke koya wa ƙannensu ƙulla igiya.

Ga roƙona ga ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyinmu na raya al'adu. A watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Tun daga lokacin nake jin ana tambaya a tarurrukanmu: ina za mu sami kalmomin kimiyya? Wasu za mu ƙirƙira, wasu za mu ara, ba laifi. Amma kafin mu zauna ƙirƙira, mu fara zagawa mu tattara waɗanda ke akwai. Suna bakin masunta, da masu haƙar rijiya, da maƙera, da ungozoma, kuma masu su suna tsufa. Kusan kowane gari a Tasawa da Mayahi yana da tabki ko kududdufi, kusan kowane yana da labarin yaron da ruwa ya ci. Awon da muka yi bai ci kuɗin da ya wuce na fenti da igiya ba. A cikinsa yara sun yi lissafi, sun yi labarin ƙasa, sun yi Hausa, sun yi Faransanci, sun kuma ga malaminsu zaune a ƙasa yana ɗaukar darasi daga tsohon da bai san harafin boko ko ɗaya ba. Ina jin wannan na ƙarshen ne zai fi daɗewa a zukatansu.

Kawu ƙafa ta fara gazawa, bana bai hau gora ba. Ran da na kai masa sabuwar taswirar, ya riƙe ta a juye, ƙasa a sama, ya daɗe yana dubawa. Ban gyara masa ba. Ya sa yatsa a wani wuri a arewacin kwarmin, inda takardar take fara fat ba alama, ya yi murmushi, ya miƙo mini abata.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya kiyaye mana ƴaƴanmu, ya ba mu damina mai albarka.